Ranar da Na Kai Ƙarar Tarina Turai

Jiya tsakanin azahar da la'asar barci ya ɗauke ni a kan darduma, na yi wani mafarki. Amma kafin in faɗe shi sai an san halin da nake ciki.

Wata huɗu ke nan ina fama da wani busasshen tari. Ba majina, ba zazzaɓi, ba rama. Wani abu ne kawai kamar gashin kaza yake sosa min maƙogwaro. An kai ni asibiti, an ɗauki hoton ƙirji, an yi duk gwajin da za a yi, aka ce ba tarin fuka ba ne. Duk da haka surukata Suwaiba ta janye min jikana. Ba ta faɗa da baki ba, yarinya ce mai ladabi. Sai dai duk lokacin da na miƙa hannu, sai ya zamana yanzu ya yi barci, ko yanzu za a yi masa wanka. Nafi'u ke nan, ɗan wata biyar, wanda nake kira maigidana. Rabon da in ɗora shi a cinya tun bai iya dariya ba.

Kowa da nasa bayanin. Ɗana ya ce tsufa ne. Maƙwabciyata ta ce fanka ce. Ni kuwa da na yi shekara talatin da huɗu ina koyar da lissafi a Funtuwa, na lura tarin bai zo ba sai bayan da 'yata Zulai ta fara aiko min maganin hawan jini daga ƙasar Turai inda take aikin jinya. Da na faɗa, aka yi min dariya. Wai maganin Turai ne fa, kuma can suna da hukuma guda wadda ba ta da wani aiki sai sa ido a kan magani. Na ce na ji, amma ban taɓa ganin idon da ya hango Funtuwa daga can ba.

To jiya ina zaune ina karanta takardar nan da ake ninkewa a cikin kwalin magani, mai rubutu kamar ƙafar tururuwa. A can ƙasa aka ce duk wanda ya ga wata matsala ya sanar da hukumar. A nan barci ya zo.

Na ci gaba da warware takardar, ta ƙi ƙarewa. Ta fita ta ƙofar ɗaki, ta bi ta zaure, ta miƙe ta zama hanya. Na gyara ɗaurin zanina na bi ta, haruffa suna sukar tafin ƙafata kamar tsakuwa. Ban yi nisa ba sai ga ni a Turai. Na gane ta ne saboda kowa yana sauri, kuma da na tambaya babu wanda ya makara.

A gefena wani siririn mutum yake tafe, busasshe kamar karan dawa, da 'yar jakarsa a hammata. Ya rusuna ya gaishe ni. Na tambaye shi ɗan gidan wa ne, ya ce shi ne tarina. Ya ce tunda ƙararsa zan kai, ya ga bai dace ya bar tsohuwa ta yi wannan tafiya ita kaɗai ba. Na yaba da tarbiyyarsa.

A titi ƙwayoyin magani ne suke yawo, wasu da lema, wasu a kan keke. Sababbin cikinsu suna sanye da baƙar hula mai kusurwa uku, tsinin yana ƙasa, kowace da ɗan sanda biye da ita yana rubutu. In ta waiwaya ya rubuta, in ta yi hamma ya rubuta. Tsofaffin kuwa babu mai bin su sosai. Tarina ya ce an ce sun yi hankali. Na ce masa ni tsohuwa ce, na san abin da tsofaffi ke yi in ba a kallo.

Hukumar gini ne mai hawa tara, ta sama ake shiga. Layin jira baya-baya yake tafiya, wanda ya zo ƙarshe shi ake fara gani, wai don ciwonsa bai huce ba. Saboda haka ina zuwa aka kira ni.

Wata hawainiya ce a teburin karɓar baƙi. Ido ɗaya tana kallona, ɗaya tana kallon tarin. Ba ta tambayi sunana ba, ta ce harafin farko ya ishe su, sauran in riƙe abina. Ta tambayi shekaruna da nauyina. Sannan ta ce, "Ke ɗaya cikin nawa ce?"

Na ce ni ɗaya ce cikin ɗaya, tun da aka haife ni.

Ta ce ba su da wannan ɗakin. Ta sauko daga kujera, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta zaga da mu. Ƙofar farko an rubuta mata "Ɗaya cikin goma". Ciki cike da mutane kamar tashar mota, masu ciwon kai da masu jiri da masu ƙaiƙayi, suna ta hira. Ta biyu "Ɗaya cikin ɗari", nan akwai wurin zama. A can ƙarshen baranda akwai "Ɗaya cikin dubu goma". Wani dattijo ne a ciki shi kaɗai, kunnuwansa sun zama kore shar. Shekararsa goma sha ɗaya a nan ba a kawo masa abokin hira ba, amma ya ce bai damu ba, domin ba kowa ake kawowa ɗakinsa ba. Ya kalli tarina sama da ƙasa kamar yadda mai mota ke kallon mai jaki.

A nan malantata ta motsa. Na tambayi hawainiyar, su goman nan da ake cire ɗaya daga cikinsu, wa ya ƙidaya su, kuma a ina.

Ta sauya launi zuwa ruwan toka. Ta ce da farko ana gwada maganin a kan mutane kafin a sake shi. Bayan haka kuma sai su zauna su jira wasiƙa. Wanda ya rubuto, an san da shi. Wanda bai rubuto ba, lafiyarsa ƙalau.

Sai ta ja wani labule, ga taswirar duniya ta cika bango. Ƙasarsu duk ta yi ɗigo-ɗigo da jan fenti, kowane ɗigo ƙorafi guda. Na nemi wajenmu. Fari fat, ko ƙuda bai sauka ba.

"Muna sha'awarku ƙwarai," in ji hawainiyar. "A littafinmu babu wanda ya taɓa yin tari a Funtuwa."

Na ce a makarantar Islamiyyarmu ta matan aure kaɗai na san mu huɗu masu shan irin wannan magani, kuma in muka haɗu a aji malam sai ya dakata mu gama. Ta tambaya ko mun rubuto. Na ce a'a, mu in abu ya dame mu zuma muke sha da citta, mu ce tsufa ne. Ta ce to ai shi ke nan, zumar ce ta karɓi rahoton. Ta ɗauko allura ta tsoma a jan fenti, ta yi ta laluben garinmu, ta ɗiga. Tarina ya yi farin ciki har ya nemi a ɗauke shi hoto a wajen.

Sai ga mu a wani ɗaki mai sanyi, a gaban wani tsohon kunkuru mai tabarau, shugaban kwamitin binciken. An jera waɗanda ake tuhuma su uku a benci: fankar ɗakina, da ƙwayar maganina, fara 'yar mitsitsiya da ta harɗe ƙafa, da wata tsohuwa mai irin mayafina.

Fankar aka fara sallama. Ta ce ita ko da ta so yin laifi, wutar da za ta yi shi da ita ba a kawowa. Kwamiti ya duba, ya ga gaskiya ne.

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta ce ita ce Tsufa, kuma ta gaji. Gwiwa ta yi ciwo, ita ce. An manta inda aka ajiye makulli, ita ce. Tuwo ya yi gishiri, ita ce. Ta ce shekara ashirin tana zaune da ni, gwiwa ta amsa nata ne, ido nata ne, haƙora uku nata ne, amma wannan yaron ba ta san shi ba, ba ta taɓa ganin uwarsa ba. Ta juyo gare ni ta ce, "Tabawa, ki faɗa wa ɗanki ya fita harkata." Na ce zan faɗa masa, ko da yake ba ya ji.

Ƙwayar kuwa ta yi magana kamar lauya. Ta ce tana da takardun izini daga ƙasashe ashirin da bakwai. Ta ce ta sauko min da jini, in ƙarya take in faɗa. Na ce gaskiya ne, wannan ba zan ci amanarta ba. Game da tarin kuma, ta ce ba ta san shi ba, wataƙila dai sun taɓa shiga mota ɗaya.

Kunkurun ya tambayi tarina yaushe ya iso gidana. Ya buɗe 'yar jakarsa ya fito da tikiti. Kwana goma sha biyu bayan isowar kwalin farko. Kunkurun ya ce wannan bai isa hujja ba, domin mutane da yawa sukan iso bayan wasu. Dokarsu ita ce a raba su a gani.

Aka ce ƙwayar ta fita waje. Ta fita tana gunaguni. Tarina ya zauna, yana kallon rufi, yana kaɗa ƙafa. Can sai ya ce zai ɗan zaga. Ya bi ta ƙofar da ta bi. Nan take maƙogwarona ya yi wasai, na ja numfashi har cikin cikina. Ban san sanda na fara yi wa maigidana waƙar rarrashi ba, wadda wata huɗu ban kai ƙarshenta ba, na kuwa kai. Kwamitin ya rubuta. Aka ce ƙwayar ta dawo. Ta shigo, ga tarina biye da ita yana riƙe mata lema.

"Hajiya, ki yi haƙuri," in ji shi. "Ni ba na zaɓar gida. Inda ta sauka nan nake sauka. Kuma ba na tsallakawa jikin kowa, ko na so ban iya ba."

Na ce wa kunkurun ai ya ji da kunnensa, a rubuta min a takarda in kai wa surukata.

Kwamitin ya shiga shawara. Damina ta wuce ta tagar hagu, kaka ta wuce ta tagar dama. Da suka gama, kunkurun ya gyara murya ya ce hukuncinsu shi ne, mai yiwuwa ne ƙwarai.

Na ce mai yiwuwa kamar yaya, bayan ya riƙe mata lema a gabansu. Ya ce a hukumarsu babu kalmar da ta fi wannan girma, ana ajiye "tabbas" ne a sito don kada ta lalace. Ya ƙara da cewa ai maganar ba sabuwa ba ce, tana cikin takardar da na tako na zo, na taka ta da ƙafata wajen layi na arba'in da bakwai. Su abin da suke yi ke nan, su tattara, su auna, su rubuta ƙanana.

Na ce don me ƙanana. Ya ce don kada mutane su tsorata. Na ce to ga shi ba su karanta ba, sun tsorata da ni.

Ya cire tabarau ya goge da haɓar rigarsa. Ya ce ba sa rubuta wa surukai wasiƙa, babu fom ɗin. Kuma kada in kuskura in kori ƙwayar da kaina, jinina zai hau ya bar ni a ƙasa. Wanda zai iya musanya ta da 'yar'uwarta marar rakiya shi ne likitan da ke kusa da gidana, wanda na tsallake na taho Turai. Amma tunda na yi doguwar tafiya, kuma ni ce ɗigo na farko daga garinmu, zai buga min hatimi a tafin hannu, in nuna wa duk wanda ya ce tsufa ne.

Na miƙa hannu. Ya ɗaga hatimin sama. Ya fara sauko da shi. Tsufa ta yi barci a kafaɗar fanka. Dattijon mai koren kunne ya leƙo ya koma. Na ce a raina in wannan abu bai sauka da wuri ba, maigidana zai yi gemu ban ɗauke shi ba. Hatimin yana ta zuwa, yana ta zuwa, sai da ya rage kamar faɗin yatsa.

Ya sauka, dum. Ya sake sauka, dum.

Suwaiba ce take dakan yaji a tsakar gida. Na duba tafin hannuna, babu komai sai shatin darduma. Na yi tari sau uku.

Na lalubi tabarau na ƙirga layuka a takardar. Ba na arba'in da bakwai ba ne, na hamsin da biyu ne, kunkurun bai iya lissafi ba. Na ja masa layi da jan biro irin na gyaran jarrabawa, na ɗauki mayafi da kwalin maganin, na leƙa ta taga. Na ce wa Suwaiba asibiti zan koma, a canza min wannan abin. Na miƙa mata takardar na ce ta karanta inda na ja layi, da ƙarfi, ni idona ya gaji.

Ta ajiye taɓarya ta karanta. Ta sake karantawa, wannan karon a zuci.

Na ce, "To ɗago min maigidan ta nan in nemi izini. Ba na fita bai sani ba."

Ta kwance goyon. Ta kalli tagar, ta kalle ni. Sannan ta zagayo ta ƙofa.