Ranar da Jibril Ya Ƙi Fitowa daga Rijiya

Jibril mai haƙar rijiya ne a Kurfi, kuma zurfin rami bai taɓa ba shi tsoro ba. Wata rana Sumayya, 'yar ƙanwarsa da ke karatun kimiyya a Dutsin-Ma, ta zo gaishe shi. Suna cin gyaɗa ta ba shi labarin kifayen ƙasan teku.

"Kawu, can ƙasa ruwa danne su yake da nauyin gaske, shi ya sa naman wasunsu ruwa-ruwa ne kamar talge. Masu iska a ciki kuwa, in aka fizgo su sama da sauri, iskar sai ta kumbura, idanu su firfito, tumbi ya leƙo ta baki."

Jibril ya ajiye gyaɗar.

Washegari ya shiga yasar rijiyar wani Alhaji Badaruddeen. Da ya gama, Manu, abokin aikinsa mai riƙon igiya, ya fara jawo shi.

"Dakata, Manu," in ji Jibril. "Ja kaɗan ka huta. Jikina ya saba da zurfi, in ka fizgo ni tumbina zai fito."

Manu ya ja kaɗan, ya ɗaure igiyar a jikin dalbejiya, ya zauna. Jibril na reto a tsakiyar rijiya, ya danne idanunsa da yatsu. Rana ta take, unguwa ta taru. Matarsa Barira ta zura masa fura a guga. Ya sha, ya yi gyatsa mai ƙara.

"Kun ji ko? Iskar ta fara fita."

Aka kirawo Sumayya. Ta leƙa tana danne dariya.

"Kawu, ai ruwa ne ke danne kifin. Kai ina ruwan ya kawo maka?"

"Idon sawu."

"To babu abin da ya danne ka."

"Ke kin taɓa shiga rijiya?"

Da aka kira sallar la'asar haƙurin Manu ya ƙare. Ya yafito maƙwabta, suka jawo Jibril gaba ɗaya. Ya fito ya toshe baki da hannu biyu. Can ya shafa cikinsa, ya ji komai na nan.

"Kun ga amfanin bi a hankali," in ji shi.

Alhaji Badaruddeen ya leƙa rijiyar ya ce, "Malam Jibril, ga shebur ɗinka can ka baro a ƙasa."

Jibril ya waiga neman Manu. Manu kuwa tuni ya ɗauki takalmansa ya nufi masallaci.