Ƙahon Baba Odell

Wata bakwai Kaltouma ta yi tana kula da Baba Odell a gidansa na unguwar Glenwood a Amurka, ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba. Baƙar fata ne ɗan Amurka, shekararsa tamanin da ɗaya, ciwon mantuwa ya kwashe masa sunayen mutane kaf. Ita kuwa 'yar Maraɗi ce, kamfanin kula da tsofaffi ya turo ta a farkon 2006. 'Yarsa Loretta ta faɗa mata cewa mahaifin nata dattijon coci ne mai tsauri, duk ƙuruciyarta bai taɓa yarda an kunna kiɗan rawa a gidan ba.

Wata Laraba da hantsi Kaltouma tana neman bargo a kabad ɗinsa, sai ta jawo wani baƙin akwati mai nauyi. Tana juyowa ta ga tsohon tsaye a bayanta, ya miƙo hannu biyu.

Ya zauna bakin gado ya buɗe. Ƙaho ne na tagulla, babba, mai lanƙwasa, irin wanda ta taɓa gani hannun 'yan badujalar soja a Niamey, saksofon. Mutumin da ba ya iya ɗaura maɓallin rigarsa, sai ga shi yana harhaɗa ƙarfen nan bai ko duba ba. Ya ɗauki wani siririn kara ya sa a baki yana tsotsa.

"Baba, wannan ba abinci ba ne," in ji ta da Turancinta.

Ko kallonta bai yi ba. Ya ɗaure karan a bakin ƙahon, ya miƙe, ya ja numfashi, ya busa.

Bargon da ta ɗauko ya faɗi daga hannunta. Ta zaci za ta ji wani abu mai sanyi irin na coci. Ina! Gurnani ne ya fito, kakkaura, kamar bijimin da aka kayar. Sai ya kama sauti ɗaya yana maimaitawa, yana dukan ƙasa da ƙafa, har gilashin taga yana rawa. Daga nan ya hau sama da wata ƙara mai tsaga kunne. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe.

Kawai sai ya durƙusa, ya kwanta rigingine a kan kafet, ƙafafu a sama.

"Innalillahi!" Kaltouma ta saki ihu. Ta ruga falo ta kira motar asibiti, ta kira Loretta. Sai da ta aje waya ta lura busa ba ta tsaya ba.

Loretta ta riga motar isowa daga ofishinta na Elm Street. Ta tsaya turus a ƙofar ɗaki, jakarta a kafaɗa, tana kallon mahaifinta a ƙasa.

"Me kika ba shi?"

"Wallahi ban ba shi komai ba. Nasa ne, a kabad yake."

"Babana ba ya da irin wannan abu."

Kaltouma ta nuna mata akwatin. A cikin marfin akwai wani tsohon hoto, an rubuta 1955 a bayansa. Wani saurayi mai kwat ne kwance rigingine a kan dandamali da ƙahon a baki, 'yan mata na ihu a kansa. Loretta ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗauko kwalin kararen da ke gefe, ta jujjuya shi. Kusan sabo ne, bai wuce shekara uku ba.

"Duk Alhamis," ta ce a hankali, "shekara da shekaru, yana cewa zai je gyaran kujerun coci."

Ma'aikatan asibiti suka auna shi, suka ce lafiyarsa ƙalau, ban da ɗan ƙujewa a gwiwar hannu. Mutum biyu suka ɗaga shi. Yana haki, ya dubi 'yarsa, ya tambaye ta cikin ladabi ko ta zo da ƙawayenta, domin akwai zagaye na biyu na wasan.

Loretta ta fita baranda ta zauna a kan matakala. Kaltouma ta kai mata ruwa, ita ma ta zauna. Da yamma Loretta ta tafi kanti ta sayo katifa mai kauri, suka shimfiɗa masa a tsakiyar falo saboda busa ta gaba.