Jan Bargo a Bisa Rumbu

Duk mutumin Yekuwa ya san hanyar jirgin sama. Da hantsi yake bi ta saman gonakin gero, ya ja farin zare a bayansa, ya ɓace. Uwani ta tsufa tana ganinsa, don haka a wurinta magana ta ƙare: jirgi in dai jirgi ne, ta kan Yekuwa zai bi.

Da ɗanta Rabilu ya zo daga Amerik zai tafi da ita a duba mata ciwon zuciya, yayarta Ƙande ce ta fi kowa ɓata rai. Su biyu suka rage cikin ƴaƴan uwarsu, gida ɗaya, tukunya ɗaya, faɗa kuwa kullum kamar kaji. Kowace ta san wuya ne su sake haɗuwa, kowace ta ƙi faɗa. Safiyar tafiya Ƙande ta shige ɗaki ta turo ƙyaure, wai ita ba ta iya sallama ba, ƙafarta kuma ba ta kai ta bakin hanya. Amma baƙo ma ana raka shi, balle ƙanwa. Ta bayan ƙyauren ta ɗaga murya.

"Zan sa a shimfiɗa jan bargon Inna bisa rumbu. In kin zo wucewa, ki leƙo."

Tun a cikin kar, babbar motar da ta ɗauke su zuwa Yamai inda za su hau jirgi, Uwani ta sa Rabilu gaba, sai dai a ba ta kujerar taga. Da ya nuna mata kujerun a talho, wayarsa ta hannu, ya ce ta zaɓa, hagu ko dama, ta daɗe tana tunani. Jirgin hantsi arewa yake nufa, rumbunsu kuwa gabas da gari yake. Ta zaɓi dama. Rabilu ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dube ta, ya haɗiye abinsa.

Jirgin farko ya tashi, ta manna goshi a gilashi. Rairayi ne iya ganin ido, ko gawo ɗaya babu. Ta ce wa ranta wannan ƙaramin jirgi ne, babban shi ne zai bi hanya. A birnin Kazablanka suka sauka suka shiga babban, nan ma taga, nan ma dama. Aka kawo abinci ta ce a ɗauke, aka ce ta sauke marfin taga mutane na barci, ta yi kunnen uwar shegu. Wuyanta ya ƙage. Can gajimare ya tsage, ta ga ruwa shimfiɗe, ba gaɓa ba tsibiri. Ta jira ya ƙare, ya ƙi ƙarewa.

Ta taɓa Rabilu ta tambaye shi ko sun kusa Yekuwa. Ya sunkuyar da kai, ya ce tun daga Yamai suka ba Yekuwa baya, jirgin hantsi wani ne daban, hanyarsa daban. Ya ce ya so ya gaya mata, bakinsa ya yi nauyi. Uwani ba ta yi masa faɗa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kukan da ta ƙi yi a ƙofar ɗakin Ƙande. Abin da ya fi ci mata rai, ta san yayarta: tana can a rana, ta dogara da sanda, ta ɗaga kai sama.

Washegarin saukarsu Rabilu ya kira wani maƙwabci, aka kai wa Ƙande talho. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce tun ranar da suka tafi kullum da hantsi tana gindin rumbu, jiya kuwa jirgin ya yi ƙasa-ƙasa, ta san shi ne, ta yi ta kaɗa ɗankwali har ya ɓace.

"Kin ga bargon?"

Uwani ta dubi Rabilu, ya kau da kai. Ta gyara riƙon talhon da hannu biyu.

"Na gani, Yaya. Har ke na gani."

"To, madalla," in ji Ƙande. "Bari in sa a sauko da shi, kar rana ta ci shi. Na raka ki ke nan."