Kukan Famfo

Mai Kunne ya murza makullin babur ɗin, ya kwantar da kumatunsa a kan tanki, ya jira. 'Yar jar fitilar nan ta kan mita ta kama, ta ɗan jima, ta mutu. Bai ji komai ba. Ya kashe, ya juya ɗaya kunnen, ya sake murzawa. Ƙarfen da ɗumi, fetur na wari, iyakar abin da ya samu ke nan.

Mai babur ɗin yana zaune a kan benci, ya ɗora jakarsa a cinya. Malamin asibiti ne a wani ƙaramin asibiti can bayan gari, amma duk layin Likita ake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Bakinsa ya motsa. Mai Kunne ya kalli leɓen, ya tsinci ƙarshen maganar.

"...ka ji shi?"

"Ina dai sauraro, Likita."

"To saurara da kyau, don wallahi jiya na ga mutuwa da idona. Ina tsakiyar titi, tirela a bayana, kawai ya ɗauke wuta kamar an shaƙe shi. Da direban nan ba mai imani ba ne, da yanzu zaman makokina kake."

Wannan ba shi ne zuwan farko ba. A zuwan farko Mai Kunne ya canza filogi. Da aka dawo ya wanke injekta mai fesa wa inji mai, ya canza matatar mai. Kowane karo babur ya tashi garau a gareji, Likita ya hau ya tafi yana godiya, kwana kaɗan kuma sai ga shi yana turo shi da gumi har cikin takalmi. Ciwon iri ɗaya ne: da safe lafiya lau, in injin ya yi zafi a doguwar tafiya sai ya fara shessheƙa, ya mutu, a bar shi ya huce ya tashi kamar ba shi ba.

Ba a banza ake kiran mutumin nan Mai Kunne ba. A zamaninsa, babur zai wuce a titi yana cin abinci, ya ɗago kai ya ce, "Wancan ba zai kai mako ba," kuma ba zai kai ɗin ba. Da baburan injekta suka shigo, bakanikai da yawa suka ɗaga hannu, suka ce su kafireto suka sani. Shi ya ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ya koyi kukan famfon mai na cikin tanki, ɗan siririn zuuu ɗin nan da yake yi in an buɗe makulli. Ya koyi ɗora bakin sukudireba a jikin injekta, ya kai mariƙin kunnensa, ya ji tana ƙyas-ƙyas. Bai taɓa sayen ma'aunin ƙarfin mai ba, balle na'urar nan da ake jona wa babur ta faɗi ciwonsa. Yakan ce wanda Allah ya ba kunne me zai yi da allo.

Siraran sautuka ne suka fara tafiya daga kunnensa. Kukan sauro, ƙarar waya a aljihu, fitar iskar tayar da ta yi faci. Bai san ranar da suka tafi ba, wata rana dai ya lura ya daɗe bai ji su ba. Ya je wani asibiti mai nisa inda ba wanda ya san shi, aka sa masa abu a kai, aka ce ya ɗaga hannu in ya ji. Ya zauna hannunsa a cinya. Likitar wurin ta ce shekarun jin ƙarar salansar babura da injin yankan ƙarfe ne, kuma abin da ya tafi ya tafi. Ya yi mata godiya, ya hau mota ya dawo gareji ya ci gaba da aiki. Bai yi kuka ba, bai ji haushi ba. Abin da ya fi ba shi mamaki ke nan, yadda bai ji komai ba, ciki da waje.

Ya ɗaga kujerar babur ɗin ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana jijjiga kowane soket. Ya duba kan batir, ba tsatsa. Ya cire injekta, ya riƙe ta a bakin wani tsohon gwangwani, ya danna sitata. Man ya fito feshi mai kyau, kamar na turare. Ya duba robar da ke shigar da iska, ya lanƙwasa ta da yatsa ko zai ga tsaga. Babu. An ce gani ya kori ji, to yau ga gani nan ya yi iyakar yinsa, bai kori komai ba.

Mai faci, maƙwabcinsa, ya leƙo ta ƙarƙashin rumfa yana goge hannu.

"Har yanzu tsohon nan ne? Likita, ka yi masa allura mana, ku da kuke da ita kyauta."

Likita ya yi dariya. Mai faci ya ƙara wata maganar yana juya baya, suka sake tuntsirewa. Mai Kunne ya ga suna dariya, shi ma ya buɗe baki ya yi tasa. Ya ƙware a wannan yanzu.

Likita ya tashi ya matso kusa, ya rage murya, abin da ya fi komai wahala ga mai karanta leɓe.

"Ka san shekarunmu tare. Ban taɓa kai babur ɗin nan hannun kowa ba. Amma maiɗakina ta rantse in ya sake mutuwa a hanya, ita da kanta za ta tura shi wurin masu na'ura. Ni kuma gobe da sassafe akwai allurar yara a ƙauyuka, dole in bi babban titi." Ya duba agogo. "Bari in je in yi salla in ɗan taɓa wani abu. In na dawo ka faɗa mini gaskiya."

Ya tafi. Mai Kunne ya mayar da injekta, ya tayar da babur ɗin ya bar shi yana aiki don ya yi zafi. Yana jin rugugin a tafin ƙafarsa da ƙirjinsa, kamar ana daka a gida na uku. Zuciyarsa ta ce famfo ne. Amma haka ta ce filogi ne, haka ta ce matata ce. Zai iya zama kwayil mai ba filogi wuta, zai iya zama ɗan abin da ke auna zafin inji, zai iya zama wata waya da ke saki in ta ɗumama. In ya sake lalube ya kuskure, wannan karon ba turo babur za a yi ba. Ya san haka sarai. Ya zauna a kan bokitin da ya kifa yana kallon hayaƙi, yana jira ya ji tsoro, tsoron ma bai zo ba.

Inuwa ta faɗo a kan hannunsa. Matarsa ce, da kular abinci a cikin leda. Ba ta cika zuwa da kanta ba, amma tun da autarsu ta tafi makaranta sai ita. Ta ajiye kular a kan benci, ta zagayo ta tsaya a gabansa sosai kafin ta yi magana.

"Baban yara, sau nawa ina sallama."

"Ƙarar inji ce."

"Uhm. Ƙarar inji."

Ya kalle ta. Ta tsaya ne daidai inda haske ke kan fuskarta, tana buɗe baki a hankali. Sai ya tuna ashe ta daɗe tana haka. Ta daina yi masa magana daga kicin. Ta daina kiransa a waya, sai dai ta aiko saƙo. Da asuba kafaɗarsa take taɓawa.

Ya miƙa hannu ya kashe babur ɗin.

"Zo nan. Sa kunnenki a nan."

"A kan wannan dattin? Mayafina sabo ne."

Ya ɗauko tsumma mafi dama-dama ya goge tankin. Ta tattare mayafin, ta sunkuya ta kwantar da kai. Ba ta tambaye shi dalili ba, kuma rashin tambayar ya fi masa nauyi fiye da a ce ta tambaya.

"Zan buɗe makulli. Akwai abin da zai yi kuka a ciki. Ki faɗa mini yadda ya yi."

Ya murza. Ta lumshe ido. Da ta ɗago sai ta tsuke baki ta kwaikwayi kukan. Ya ga leɓenta sun tsuke, ya ga jijiyar wuyanta ta tashi. Bai ji ba.

Suka tsaya suna kallon juna. Can ta kama hannunsa na dama, baƙi ƙirin da man inji, ta buɗe tafin.

"Sake," ta ce.

Ta mayar da kunnenta, ya murza da hagu. Yatsarta ta fara jan layi a tafinsa, a miƙe, sai layin ya fara karkarwa, ya yi ƙasa, ya tsaya, ya ɗan motsa, ya tsaya.

"Haka yake yi? Ba ya tafiya sumul ya yanke lokaci ɗaya?"

"A'a. Kamar mai ƙaiƙayin maƙogwaro yana son ya yi waƙa."

"Sake ji."

Suka sake. Layin ya sake karyewa a wuri ɗaya.

"Famfo ne," ya ce.

Ya zuƙe man cikin jarka, ya kwance tankin, ya zaro famfon. A ido ba abin da ya same shi. Ya aiki mai faci ya karɓo wani a shagon kayan gyara na bakin titi, ya ɗaura, ya mayar da komai, ya bar injin ya yi zafi har ba a iya taɓa salansa. Duk wannan lokacin tana zaune a kan benci, abincin na hucewa. Da ya kashe ya dube ta, ta taso ba tare da ya kira ba. Wannan karon yatsar ta ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga tsintsiyar hannunsa har tushen yatsu, ta ɗauke.

Likita ya dawo yana sakace. Ya gaishe ta, ya karɓi tsohon famfon ya jujjuya shi.

"Wannan ɗin? Ai lafiyarsa ƙalau a ido."

"In ya yi zafi yake gajiya. Hau ka zaga da shi, ka yi nisa."

Ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo, tun daga nesa haƙoransa a waje. Ya sauka yana ta magana da sauri, yana juyawa wajen mai faci, yana juyowa, yana nuna kunnensa da yatsa, yana nuna Mai Kunne, yana girgiza kai irin na wanda ya ga abin al'ajabi. Mai faci yana tafa hannu. Daga cikin maganar duka Mai Kunne ya kama "na faɗa mata" da "masu na'ura". Ya gyaɗa kai a inda ya ga ya dace. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, haka ake cewa, amma ya ɓoye nasa, kuma ba wanda ya duba.

Da babur ɗin ya ɓace a kwana, ya zauna ya ci abincin da sanyinsa. Ta jira ya gama, ta rufe kular, ta ɗaure ledar. Akwai baƙin mai a kumatunta da gefen mayafin.

"Maman yara," ya ce, yana kallon ƙasa. "Akwai wani da za a kawo gobe. Shi ma injekta ne."

Ta riga ta juya ta nufi titi. Ya ga ta ɗan tsaya, kanta ya motsa, alamar ta ba da amsa. Ba ta waiwayo ba. Ya bi ta da kallo har ta tsallaka, sannan ya fara tattara sifanu.