Farashin Bindigar Baba

Cuku kilo ɗaya. Busasshen nama a takarda. Zuma a kwalba. Jerin abin da zan sayo don addu'ar arba'in: kyandir, alkama, sukari, gyaɗa. Lasisin bindigar Baba. A ƙasan duka, naɗe cikin tsumman goge kwanuka, ƙaramar bindigarsa, gidan harsashinta daban cikin safa.

Motar tana gangarowa daga duwatsu zuwa garin Nikšić, jakar tana kan cinyata. Matar da ke kusa da ni ta ce in ɗora ta sama in huta. Na ce akwai kwalba.

Shekara goma sha huɗu na yi a Jamus, na karanci haɗa magunguna, na zauna aiki. Ban samu jana'izar Baba ba, sai na zo arba'in. Gobe ne. Bayan an dawo daga maƙabarta an ci abinci, babban baffanmu zai miƙe a gaban maza ya miƙa wa ƙanina Budo bindigar, kamar yadda aka miƙa wa Baba ta kakanmu. 'Ya mace ba ta cikin wannan lissafi.

Da safe, kafin in fito, Stanka, matar Budo, ta tare ni a kicin. Ita ta haɗa jakar.

"Yaya Vida, tun da gari za ki, ki biya wurin Baffa Radule. Ga cuku da nama ki kai masa." Ta rage murya. "Ki tambaye shi nawa za ta yi. Ko nawa ya ce, ki karɓa."

Na ɗaga jakar na ji nauyinta.

"Budo ya taɓa ki?"

"Bai taɓa ba. Na rantse da Allah." Ta goge hannunta a zanin aiki, ko da yake a bushe yake. "Tun da aka sallame su daga aiki yake zama a kujerar Baba. Shekaranjiya ya ce in ɗauke kwanon gishiri daga hannun damansa. Wai wurin na wani abu ne."

Mama tana zaune a bakin ƙofa tana shan hantsi. Idonta ya kusa mutuwa. Da zan wuce ta laluba ta kama hannun jakar, ta ɗan jijjiga ta. Ba wanda ya gaya mata komai.

"Ki gaida Radule," ta ce, ta saki.

* * *

Shagon Baffa Radule yana bayan kasuwa, matakala uku ƙasa da titi. Warin mai da kofi. Abokin Baba ne tun suna soja, shi ya riƙe ni a coci ranar da aka raɗa mini suna. Ya haura saba'in yana gyaran bindigogi.

"Bajamushiya!" Ya cire tabarau. "Dubi yadda suka rame mana ke. Ba sa cin nama ne a can?"

"Suna ci, Baffa. Aunawa suke yi."

"Shi ya sa ba sa dariya. Zauna."

Ya karɓi cukun ya shinshina, ya ce na Stanka ne, hannun Mama ya fi gishiri. Ya ɗora kofi. Sai da muka sha rabi na zaro tsumman na ajiye a kan teburinsa. Ya dube shi, ya dubi ƙofa.

"A motar haya kika zo da ita? A kan cinya? Duk karatun nan naki."

"Nawa za ta yi?"

Ya warware tsumman, ya ja ƙarfen sama baya, ya leƙa ya tabbata babu harsashi, ya sake leƙawa. Cikin minti ɗaya ya rarraba ta gida huɗu a kan ƙyalle. Ya ɗaga bututun wajen taga, ya sa farar takarda a ɗaya bakin, ya rufe ido ɗaya.

"Ciki kamar madubi. Bai fi sau talatin aka harba ta ba, kuma zan iya lissafa miki. Ranar haihuwar Budo, bakwai. Bikin Budo, an ƙarar da gidan harsashi biyu. Sauran na shiga sabuwar shekara."

"Ranar haihuwata fa?"

"Ya sayi barasa," in ji shi. "Mai kyau."

Ya danna kunamar ya saurara. Ya duba mariƙin, ya sa farce a wani tsagi.

"Da kamar yadda ta fito take, Yuro ɗari biyu da hamsin. Ƙarama ce, tana shiga aljihu, ana son irinta. Amma ga sunan babanki, Vukota, an zana a jiki. Ba mai son sunan wani a ƙugunsa, cire hamsin. Kasuwa kuma ta cika. Kowane gida a nan biyu gare shi, ɗaya da takarda, ɗaya a cikin rufi. Sannan ga wannan."

Ya juya ta. Gefen dama baƙi ne wuluk, yana sheƙi. Gefen hagu ya koɗe ya yi fari, da ƙananan ƙarce kamar gindin tukunya.

"Kube ba ya cin ƙarfe haka, gefe biyu yake ci. Wannan ajiyewa ce. A kan katako, wuri ɗaya, shekara da shekaru." Ya ajiye ta a kan ƙyallen. "Ɗari da hamsin, don ke ce."

Na san katakon. Teburin cin abincinmu ne. Baba yana dawowa daga aiki zai wanke hannu, ya zauna, ya zaro ta ya ajiye a dama da farantinsa, bakinta yana kallon bango. Ƙarar ba ta da yawa. Ƙwas. Daga nan cokali ne kaɗai ke magana. In miya ta yi sanyi ba ya faɗa, yakan sa yatsa ɗaya ya ɗan juya ta a kan teburin, Mama ta tashi ta mayar da tukunya wuta. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Duk ƙauyen sun shaida, har a kan kabarinsa an faɗa.

Shi ne kuma ya sayar da saniya biyu ya biya mini kuɗin jirgi. A tashar mota ya ɗaura mini igiyar takalmi da hannunsa, ina da shekara goma sha takwas.

"Ka sani, Baffa?"

"Na ci abinci a gidanku sau ɗari." Ya shafa gefen da ya koɗe da babban yatsa. "Nawa uban ma haka yake yi. Mun ɗauka wurin ajiya ne kawai."

* * *

Baffa Radule ya sake zuba kofi. Ya ce Budo ya kira shi makon jiya yana tambayar kuɗin harsashi kwali ɗaya.

"Yaron ba mugu ba ne, Vida. Ni na koya masa kamun kifi. Abin da ya rage masa ke nan da zai riƙe a gaban maza. Gobe in baffanku ya miƙe hannu wofi, har ya mutu ana ba da labarin a gidan shayi."

"In na sayar maka, wa zai saya?"

"Wani Budon. Ko shi kansa, da kuɗin cukun matarsa."

Ya ɗauko wani siririn ƙarfe daga cikin sassan ya nuna mini a tafin hannu.

"Ga dabara. Wannan allurar ita ke dukan harsashi. In na goge kanta kaɗan, shi ke nan, ko shekara ya yi yana danna kunama ba abin da zai fita. Ki mayar da ita inda take kafin ya lura. Gobe a miƙa masa, kowa ya tafa. Na yi wa mata huɗu a garin nan, mazansu har yau ba su sani ba. Ba na karɓar ko sisi."

Ya riga ya jawo magogi. Na ga yana so in ce to, kuma na kusa cewa. Ba rigima, ba kunya, jibi in hau jirgina.

"Matan huɗun," na ce, "sun daina tashi in an juya ta a kan tebur?"

Ya tsaya da magogin a hannu.

"Ban tambaye su ba."

"Baba bai taɓa harba ta a cikin gida ba. Ko da babu allurar, miyar za ta koma wuta."

"Aƙalla ba za a mutu ba."

"Mama ba ta mutu ba, Baffa. Je ka gan ta."

Ya ajiye magogin. Can a titi wani yana tallan kankana da lasifika. Baffa Radule ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Tana da murya, uwarki," ya ce. "Kafin aure ita ke fara waƙa a kowane biki. Na manta da wannan sai yanzu."

Ban taɓa jin Mama tana waƙa ba. Ban gaya masa ba.

Na tambaye shi yadda ake yi a rabu da bindiga gaba ɗaya. Ya ce ana miƙa wa 'yan sanda da lasisin mamacin, su rubuta, su tara su kai a narkar. Ba a biyan komai.

"Ɗari da hamsin za ki zuba a wuta. Kuma kafin Kirsimeti zai sayi wata, ba sai ya zo wurina ba."

"Wataƙila. Amma ba za ta zama ta Baba ba. Ba wanda zai miƙa masa ita a tsaye ya ce haka ake yi."

"Kan Stanka zai sauke."

"Ba Stanka ta ɗauka ba."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya gane. Ya harhaɗa sassan a hankali, ya ɗiga mata mai kamar mai shirin ajiyar shekaru, ya ce hannunsa ne ya saba. Bai yarda in sake yawo da ita a jaka ba. Ya ce shugaban ofishin 'yan sandan yana dawowa ƙarfe biyu, shi Baffa da kansa zai raka ni, don kada su tsare Bajamushiya su ce ta zo juyin mulki. Ya buɗe akwatin ƙarfen da ke bayansa. A ciki akwai irinta sun fi ashirin, kowace da takarda a ɗaure a kunama. Ya sa ta a gefe.

Wayata ta yi ƙara. Budo.

"Yaya, kina ina?" Muryarsa tana rawa, kamar lokacin da yake ƙarami in ya ɓatar da akuya. "Na buɗe durowar Baba babu komai. Stanka ta ce ba ta sani ba. Ƙarya take yi, ina ganin fuskarta."

"Ba ta sani ba. Ka bar ta ta yi aikinta."

Baffa Radule ya tura ƙofar akwatin ta rufe, ya murɗa mabuɗi.

"Ni na ɗauka, Budo," na ce. "Ba za ta dawo ba. Na fasa tafiya jibi. Gobe in babban baffanmu ya miƙe, ni zan ba shi amsa."