Faya-fayan Prayong a Saman Rumbu

Khamphan bai taɓa jin ɗansa yana waƙa ba, kuma shi ya zaɓi haka. Ya tura Prayong jami'a a Bangkok domin ya karanta shari'a, sai ga labari ya zo ƙauye cewa yaron ya tara gashi, ya rataya jita, shi da abokai biyu suna rera waƙoƙin manoma da ƙwacen gonaki. Da kamfanoni suka ƙi buga musu faifai, sai suka buga ɗari biyu da kansu, suka zana bangon kowanne da hannu.

A watan da aka karkashe ɗalibai a babban birni, Prayong ya iso gida da rana tsaka, ɗauke da kwali biyu na faya-fayan. Mallakar irin wannan faifai a lokacin ta isa a kai mutum inda ba a tambayar lafiyarsa.

"Baba, ka binne mini su cikin shinkafa, can ƙasa, a tsaye," in ji shi. "Akwai sanyi, kuma ɗan sanda ba ya tona rumbu."

"Na tura ka ka zama alƙali, ka dawo mini da murafen tukwane."

"Ka saurari ko guda ɗaya mana."

"Ran da ka yi aski ka zo, zan saurara."

Prayong ya yi dariya, ya ci shinkafa da barkono a tsaye, ya durƙusa wa mahaifiyarsa Thongbai, ya bi sauran ɗalibai zuwa duwatsu wajen 'yan tawaye.

Khamphan ya hau rumbu da kwalayen, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Uwar Shinkafa, wadda manoma ke girmamawa a matsayin ruhin hatsi, tana kwance a ciki, ba a taka ta, ba a tona ta sai ranar da aka keɓe, bayan an nemi gafararta. Balle a cusa mata waƙar zagin hukuma a ƙirji. Ya ga hanyar da ba za ta ɓata wa kowa rai ba: ya shimfiɗa katako a kan azara, dab da kwanon rufi, ya jibge kwalayen a can. Ya sauko yana jin ya kyauta wa ɗa, ya kuma kyauta wa shinkafa.

Bazara biyar ta wuce a kan wannan kwano.

Bayan gwamnati ta yi afuwa, ɗalibai suka fara saukowa. Wanda ya zo gidan Khamphan shi ne Sawaeng, mai kaɗa wa Prayong ganga, ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa. Ya ce zazzaɓin sauro ne ya kashe Prayong, ba harsashi ba, shekara biyu ke nan, kuma an binne shi a cikin dajin gora a wurin da shi kansa ba zai iya sake ganewa ba.

Thongbai ta shiga ɗaki. Khamphan ya ce wa Sawaeng, "Ya yi askin?"

"Tun makon farko, Kawu. Ƙwarƙwata ba ta san juyin juya hali ba."

Khamphan ya aro garmaho wajen shugaban makaranta, ya sauko da kwalayen da kansa. Faifan farko ya lanƙwashe kamar ganyen ayaba da ya sha wuta. Na biyu ya manne da na uku.

"Kawu, ina ka ajiye su?"

"Inda ya dace."

Sawaeng ya dubi rufin rumbu, inda rana take dukan kwano. Suka zauna a ƙarƙashin gida, wanda a kan dirkoki aka gina shi, suna zaro su ɗaya bayan ɗaya har inuwa ta juya. Sun sami guda da ya ɗan yi dama-dama. Allura ta hau, ta gangara, wata murya ta fito tana miƙewa tana tsukewa kamar ta mashayi, sai allurar ta yi tsalle ta faɗo.

Daga ɗaki Thongbai ta ce, "Ku kashe. Wannan ba muryarsa ba ce."

"Babu wani wajen kowa?" in ji Khamphan.

"Ashirin muka rabar kafin abin ya faru. Masu su sun ƙone su, kuma ban ga laifinsu ba. Asalin naɗin ma mai ɗakin ɗaukar ya jefa a kogi."

"To kai ka rera mini."

"Ni ganga ce tawa, Kawu. A daji wasu waƙoƙin aka ba mu, sai na wayi gari baitocinsa sun zube. Kiɗan kawai ya rage a hannuna."

"Yi shi."

Sawaeng ya ɗora tafukansa a gwiwa ya fara bugawa a hankali. Inda Prayong ya saba shigowa, sai ya sassauta hannu ya ɗaga haɓa, kamar yadda yake yi masa alama a da. Waƙar mai baiti huɗu ce, kuma Khamphan ya zauna bai motsa ba har aka kai ƙarshenta.