Goɗiyar Baba Ndilu

"Ku ɗora ni kan goɗiyata, ai ban zama gawa ba tukuna!" in ji maƙwabcinmu Baba Ndilu, yana bugun hannun ɗansa Hina da ke son mayar da shi kan tabarma.

Tun farkon damina bai sauko daga barandarsa ba. Na ajiye saƙata na leƙo. Goɗiyarsa Rara, 'yar gajeriya ja irin dawakin tsibirinmu na Sumba, tana ɗaure a ƙarƙashin gidan, da yake gidajenmu a kan ginshiƙai ake gina su.

"Kahi, 'yata," ya ce da ni, "zo ki kama ƙafata, yaran yanzu ragwaye ne."

Muka ɗora shi, ba sirdi, kamar yadda ya saba. Bai fi damin ciyawa nauyi ba. Rabin ƙauyen ya bi mu har bakin teku. Rara ta kutsa ruwa har ƙirji, tsohon yana ƙyaƙyata dariya, zanensa ya jiƙe sharkaf.

A hanyar dawowa Hina ya ce a hankali, "Baba, ranar tafiyarka ita za mu yanka maka, ta kai ka wurin kakanni."

"Wannan? Uwarta ta kayar da ni gaban surukaina, ita kuma ta kayar da ni tsakiyar kasuwa! So kake ta watsar da ni a hanya, in isa a ƙafa kakanni su yi mini dariya?"

Kowa ya fashe da dariya. Sai ya sunkuyo kunnena. "Ciki gare ta. Irin dawakin kakana ce, ita kaɗai ta rage. Ki tsaya mata."

Bai ƙara sati ba. Da hantsi ya cika, yana jingine da ginshiƙi, abin taunawarsa a hannu.

Dattawa suka ce al'ada ba ta bari mahayi ya tafi ba doki. Na miƙe, na maimaita musu maganarsa ta cewa za ta watsar da shi a hanya, har da muryarsa. Babbansu ya yi ta danne dariya har ta ƙwace masa.

"Ndilu ke nan! Ku yanka masa ɓaunar gida, ita ba ta tutsu."

Aka rufa wa Rara zanen da na saƙa, ta raka shi har kabarinsa na dutse. Da yamma na hango ta tana kiwo tsakanin kaburbura, zanen ya zame gefe guda, balbela tsaye a gadon bayanta.